Ƙwarya Mai Ɗigo Biyu

Ibohaman, ƙarshen bazara

Zuwa ga taubasiyata Sa'ida, a Madawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da wannan aiki naki da ya hana ki leƙo mu. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar surukata Inna Saude ta yi sauƙi, yara lafiya. Ni ma lafiya, sai kasala, don ina da ɗan juna biyu. Ƙarami ne tukuna, ke ce ta farko da na gaya wa.

Na san za ki ce me ya hana wannan baƙauyar ta kira ni. Wayar gidan nan guda ce, ta ƙanen maigidana, kuma sai an hau dutsen bayan gari ake samun reso. Duk wanda ya hau, rabin unguwa na ƙasa suna sauraro. Maganar da ke bakina ba ta kan dutse ba ce, shi ya sa na yago takarda daga kayen makarantar ɗana Yasin, littafin da yake rubutu a ciki. Kakanki da kakata ciki ɗaya suka fito, ba ni da wadda ta fi ki a wannan magana.

Kin ji sanƙarau ya kama maigidana Isaka, wanda kowa ke kira Direba, a tsakiyar zafin nan. Allah Ya tashe shi. Jiki ya dawo, yana ci yana sha, wanda ya gan shi a masallaci ba zai ce ya kwanta ba. Amma Sa'ida, hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. Ba taɓuwa ba ce, kada ki fahimce ni a karkace. Ya san kowa, ya san komai. Sai dai zai ɗora shayi ya manta har buta ta ƙone. In rediyo na magana ni ma ina magana, ba ya jin ko ɗayanmu. Ran nan ya ta da salla, akuya ta yi kuka a bayan danga, sai na ga ya tsaya bai san inda ya kai ba. Mutumin da yake tuƙa mota cike daga Keita zuwa Buza zuwa Madawa, yana hira da fasinja, yana hango jaki tun bai fito hanya ba.

Alhaji Mutari mai motar ya karɓe makulli. Ban ce ya yi mugunta ba. Cewa ya yi, "Ku kawo mani shaida daga likita kanshi ya dawo, in ba shi makulli ran nan." Mun je wurin majo, babban ma'aikacin asibitin garinmu, ya ce ciwo ya warke, amma shi ba shi da abin auna hankali.

Kin san gonarmu, tana kan fako, ba ta taɓa kai mu shekara ba. Motar nan ita ce rumbunmu. Yanzu mutum yana zaune gindin itacen bedi, yara na wucewa suna ce masa Direba, shi kuma yana amsawa.

An ce mini kina yawo da wasu likitoci da wayoyi masu auna hankalin mutum, a taɓa a ga sakamako. Don Allah don zumunci, ki auna mana shi, ki ba mu takarda mu kai wa Alhaji. Ban taɓa roƙonki komai ba sai ɗan kunnen da kika hana ni muna yara.

Taki,
Mariyama

*

Madawa, ranar Laraba

Zuwa ga Mariyama.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, mu duka lafiya muke. Barka da abin arziki, Allah Ya raba lafiya. Ki gai da Inna Saude. Ɗan kunnen kuwa ba hana ki na yi ba, sace shi kika yi aka ƙwato.

Na yi kuka da na karanta labarin Isaka. Amma ki saurare ni da kyau, don abin da aka gaya miki rabi ne. Ba mutane muke aunawa ba tukuna, wayar ce muke aunawa. Kin san in an kawo sabuwar tiya kasuwa, ba a fara awon hatsi da ita sai an gwada ta da tsohuwar da kowa ya yarda da ita. To aikinmu ke nan. Akwai tsohon gwaji na takarda da bik ɗin rubutu wanda likitoci suka daɗe da sani. Akwai sabo na cikin waya. Muna sa mutum ya yi duka biyun, mu ga ko bakinsu zai zo ɗaya. In ya zo ɗaya a wurin mutane da yawa, masu lafiya da waɗanda suka tashi daga ciwo, sannan za a ce wayar ta tabbata. Kafin nan maganarta ba shaida ba ce.

Gwajin kansa ba wuya a ido. Zanen ƙwarya ne ke fitowa layi layi, wata da ɗigo ɗaya, wata biyu, wata uku. Mutum zai taɓa mai ɗigo biyu kawai, ya ƙyale sauran, da sauri, ba tsayawa. Abin da ake dubawa shi ne ko zai iya tsince abin da yake nema cikin masu kama da shi, kuma ko zai jure har ƙarshe hankalinsa bai zame ba.

Takarda kam ba zan iya ba ku ba. Duk wanda ya shiga, sakamakonsa sirri ne, na sa hannu a kan haka, ko maigidana ba na gaya wa. Amma Isaka zai iya shiga in ya yarda, muna neman irinsa. Ko ba komai likitanmu zai gan shi, kuma ya fi majo sanin wannan fanni. Za mu zo Keita ranar kasuwa ta sama. Zai yi na takarda da na waya a gaban likita, sannan a ba shi aron waya ya tafi da ita gida, ya riƙa yi kullum na ɗan lokaci, don muna so mu ga ko gwajin gida zai yi daidai da na asibiti. Shi kaɗai, a wuri mai shiru. Duk ranar da wayar ta ga reso, sakamakon zai iso mana da kansa.

Ku zo da wuri, kafin rana ta yi zafi.

Sa'ida

*

Ibohaman, farkon damina

Sa'ida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gajiyar Keita? Mun iso lafiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, amai ya sake ni. Na ji daɗin ganinki, ko da yake kin yi ƙiba kamar matar kwamanda, kuma kin bar ni a benci kamar ba ki san ni ba.

Ban ga abin da ya faru a ɗakin ba, amma na ga yadda ya fito. Rigarsa ta jiƙe. Sai da muka zo wajen gandarin duwatsun nan da iyayenmu suka jera a gefen tudu, ya ce, "Ina ganin ƙwaryar, Mariyama. Kahin hannuna shi kai, na manta wadda nika biɗa." Wai wani jariri ya yi ta kuka a baranda, tun daga nan layin ya watse masa. Na ce masa jaririn ne da laifi. Bai yi dariya ba.

Ranar farko a gida ya zauna da wayar a tsakar gida, sai ga ƙannensa da maƙwabta sun kewaye shi, kowa na miƙa yatsa yana cewa ga ta can. Na tuna kin ce wuri mai shiru, na kore su duka. Yanzu muna zama a kanta kullum bayan la'asar, cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Da farko abin ba daɗi. In ya yi kuskure sai ya kifa wayar a tabarma ya juya wa bango fuska. Amma mun fara gane kanta. Yasin na kai ta kan dutse da yamma don ta ga reso, kamar yadda kika ce.

A gona ne abin ke fitowa fili. Yana sara da sungumi ina bin sa da iri, sai in ga ya tsallake wuri mai faɗi bai sara ba, ya bi tsuntsu da ido. Ina komawa in cike ba tare da ya gani ba. Wannan ai aikina ne.

Ki gaya mini gaskiya, yaya wayar take faɗa a wurinku? Na san kin ce sirri ne. Ni ba kowa ba ce, ni ce mai wanke masa riga.

Mariyama

*

Buza, ranar Asabar

Mariyama,

Ina gaisuwa, ina fatan jikin da sauƙi. A tsaye nake rubutun nan, motarmu za ta wuce Allakaye, aiki ya yi mana yawa.

Madalla da kika kori ƴan kallo, kuma na ji daɗi da kike zama kusa da shi, mutum yana son mai ƙarfafa masa gwiwa. Bai kamata in gaya miki komai ba, amma tunda kin matsa, ga kaɗan. Sakamakon Isaka na gida ya ba kowa mamaki a nan. Ko masu lafiyar da muka gwada ba su kai shi ba. Likita ya duba ya sake dubawa, ya ce lalle yana so ya sake ganinsa. Za mu dawo Keita in hanya ta bari, sai ku zo.

Kada ki nuna wa kowa wannan. Sauran magana sai mun haɗu.

Sa'ida

*

Madawa, tsakiyar damina

Mariyama,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mu nan lafiya, sai ƙaramin da ya yi masassara ya warke. Bayan ta Buza na sake aiko miki wata takarda ta hannun wata mai kai tabarmi, ban san ko ta iso ba. Na kira wayar ƙanen Isaka ba adadi, ba ta shiga. Na san ƙoramu sun cika sun yanke hanya, mu ma ba mu samu komawa Keita ba. Amma shirun nan naki ya yi yawa.

Jiya na je tasha aika saƙo, sai na ji wani ɗan kamasho yana cewa direban Ibohaman ya dawo aiki. Na ce wane? Ya ce Isaka mana, ai likitocin Madawa sun auna shi da na'ura sun ce ya fi masu lafiya lafiya. Mariyama, sai da na zauna a kan buhun wani.

Ban ce ya warke ba. Ki ɗauko takardar Buza ki sake karantawa. Na ce ya ba mu mamaki, kuma mamakin ba na murna ba ne. Mutumin da a Keita bai kai rabin layi ba sai da hankalinsa ya zame, ba zai koma gida cikin ƴan kwanaki ya wuce kowa ba. Ƙwaƙwalwa ba ta warkewa haka. Shi ya sa likita yake son ganinsa. Laifina ne da na rubuta a tsaye, na yanke magana a tsakiya ina tsammanin za mu haɗu.

A Allakaye mun tarar da wani tsoho da wayarsa ke faɗin abin da ba zai yiwu ba. Da muka je gidan, ashe jikokinsa ne ke karɓa karɓa, kuma ba wanda ya ga aibin haka, wai taimakon tsoho suke. Tun daga ranar nake juya kalmarki guda a raina. Kin ce muna zama a kanta. Kin ce mun fara gane kanta. Ni na ɗauka zaman rakiya kike nufi.

Ki gaya mini tsakaninki da Allah, hannun wa ke taɓa wayar nan?

Sa'ida

*

Ibohaman, bayan hanya ta buɗe

Sa'ida,

Na amsa gaisuwarki. Takardunki biyu sun iso rana ɗaya. Muna lafiya, cikin ya fara motsi. Allah Ya ƙara wa yaron sauƙi.

Hannuna ne. Ba zan ɓoye miki ba, kuma ban ga abin ɓoyewa ba. Da farko shi ke riƙe da ita, ni ina bayansa, in na ga mai ɗigo biyu sai in taɓa masa kafaɗa. Ranar da ya jefar da ita ya ce shi ya gama zama mutum, na ɗauka na ƙarasa masa layin. Washegari ma haka. Daga baya sai ya zama yana zaune yana jan carbi, ni ina yi. Wace mace ce za ta tsaya tana kallon waya na kunyata mijinta kullum, ana aika kunyar har Madawa baƙi suna dubawa? Uwata ta koya mini in rufa wa miji asiri, ba ta koya mini in riƙe masa fitila a gani ba. Ku da kuka ba mutum abu ya kai gidansa, kun zaci a gidan shi kaɗai yake?

Takardarki ta Buza kuwa, na karanta ta har na haddace. Kin ce ko masu lafiya ba su kai shi ba. Na san nawa ne, ban ruɗi kaina ba. Amma rumbu ya kai ƙasa, Inna Saude ta fara dafa tafasa ba gari. Na ce a raina, in ya koma kan sitiyari, hannunsa zai tuna abin da kansa ya manta. Na lulluɓa mayafi na kai wa Alhaji Mutari. Ya sa ɗansa ya karanta masa, ya ce, "To, tunda mai aiki da likita da kanta tar rubuta, ni wa na da zan ce a'a?" Da Direba ya shigo gida da makullin, Sa'ida, ya yi dariyar da rabona da ita tun kafin ciwo. Ban yi nadamar wannan dariyar ba.

Abin da ya biyo baya ne ya hana ni rubutu. Fatsima maƙwabciyata tana cikin motar a fita ta uku. Ta ce suna gangarowa tudu wajen ƙoramar hanyar Buza, wasu fasinja biyu suka kama musu kan buhu a bayansa. Ga shanun Fulani suna tsallaka hanya, kowa na ganinsu, mota ba ta rage gudu ba. Sai da mata suka yi kururuwa ya taka birki. Saniya guda ta gurje a cinya, aka ba makiyayin haƙuri. Kowa ya ce laifin shanu ne.

Da ya dawo bai taɓa tuwo ba. Na tsare shi, ya ce, "Na gan su, Mariyama. Na gan su sarai. Mantawa niy yi ni ka tuƙi."

Na kwana biyu ina tunani. Sai na ce wa Inna Saude zan fara kai tattasai da busasshiyar albasa kasuwa. Yanzu duk ranar fita ina gaba, a kujerar tsakiya, kusa da shi. Idona na kan hanya. In na ga rami, ko amalanke, ko yaro a gefe, sai in danna masa gwiwa ta ƙarƙashin mayafi. Ɗaya rage gudu, biyu tsaya. Ƴan tasha na yi mana tsiya, wai amarci ya dawo mana da tsufa, ni kuma ina mayar musu. Ba wanda ya sani. Tun da na fara, ko kaza ba mu taka ba.

Ki yi fushi da ni in kina so, amma kada ki kai maganar nan ga Alhaji.

Mariyama

*

Madawa, gab da kaka

Mariyama,

Ina gaishe ki, ina gai da Isaka da Inna. Lafiyarmu ƙalau, ni ce dai ba na barci.

Ba fushi nake ba. Da fushi ne da ya fi sauƙi. Na gaya wa likita cewa sakamakon gida ba na Isaka ba ne, dole ce, an cire shi. Ba ku kaɗai ba. Daga Keita har Buza, gida bayan gida, mun tarar da mata sun yi wa miji, ɗa ya yi wa uba, maƙwabci ya karɓa don ya gwada sa'arsa. Abin da aikin namu ya gano ke nan. A asibiti, gaban ma'aikaci, wayar da takarda suna kusa da juna. A gida ba za a iya yarda da ita ba. Za a tattara wayoyin, a rufe aikin bayan kaka, a rubuta rahoto. Sun ce wataƙila a sake wani in an samu mai ɗaukar nauyi.

Na tambayi likita game da na Keita, wanda Isaka ya yi da hannunsa. Ya ce ki gaya masa, haƙƙinsa ne ya sani. Mai irin wannan sakamako bai kamata ya riƙe sitiyari ba. Wasu suna samun sauƙi a hankali, wasu ba sa samu, kuma masu sanin wannan sosai suna Yamai. Na ce to ya rubuta haka a takarda. Ya ce in Isaka ya zo da ƙafarsa ya nema, zai duba shi ya rubuta masa. In bai zo ba, ba shi da ikon aika wa kowa komai, kuma gwajin da ba a gama tabbatarwa ba ba ya ƙwace wa mutum permin tuƙi. Kin gani? Kalmar da na rubuta a tsaye ta ba shi makulli, gaskiyar da muka auna a zaune ba ta iya karɓewa.

Shekaranjiya na haɗu da Alhaji Mutari a tasha. Ya taso da kansa, ya yi ta sa mini albarka a gaban mutane, wai na ceci gida guda. Ya sa aka ɗora mini kwandon albasa. Bakina ya buɗe, Mariyama. Na tuna hannun da na sa a kan riƙe sirri, na tuna yaranki, na kuma dubi matan da ke layi da goyo suna jiran mota. Na ce masa amin. Albasar tana nan a zaure, na kasa taɓa ta.

Yatsanki ba birki ba ne. Wata rana za ki yi atishawa, ko ki waiwaya. Ina roƙonki da girman kakanninmu, ki sa shi ya ajiye makullin da kansa, ya ce idonsa ne ko bayansa, duk abin da zai rufa masa asiri. Ku zo Madawa likita ya gan shi kafin su tashi. Abin da nake da shi za mu raba, ko da ba zai kai ku ko'ina ba.

Ki ba ni amsa da wuri.

Sa'ida

*

Ibohaman, bayan kaka

Sa'ida, taubasiyata,

Assalamu alaikum. Na gode da gaisuwa, na gode da buhun masarar da kika aiko, ya shiga inda ake bukata. Yara lafiya. Ƙafafuna sun kumbura, in ban da haka lafiya. Mutanenku sun zo sun karɓi wayar, Yasin ya yi kuka kamar an raba shi da ɗan'uwa.

Na yi abin da kika ce. Na karanta masa takardarki tun daga sama har ƙasa, ban tsallake ko kalma ba. Ya saurara, ko kuwa in ce ya saurari abin da ya samu. Da na gama ya tashi ya buɗe rumbu ya ce in leƙa. Ruwa ya ɗauke mana gero na cikin fitar da kai, abin da ya tsira tsutsa ta bi zangarniya. Ya ce, "In na aje makulli, mi za su ci? In na tai wurin likita yar rubuta, wa ka ƙara ba ni mota har in mutu?" Ke mai ilimi ce, Sa'ida, in kina da amsa ki aiko mini.

Shi yana cewa ya samu sauƙi. Ina so in yarda. Ranar kasuwar Keita na ce bari in gwada shi, yadda kuke yi. Na hango amalanken jaki a gabanmu ɗauke da kara, na naɗe hannuna a cinya ban taɓa shi ba. Wani a baya yana ba da labarin kokawa. Na ƙirga numfashina, ina kallon karan yana matsowa har ina ganin igiyar da aka ɗaure shi. Sai na danna sau biyu da ƙarfi. Ya tsaya. Ya juyo ya yi mini murmushi, ya ce yau kam shi ya riga ni gani.

Yanzu cikin ya hana ni zama daidai a kujerar, giyar motar na dukan gwiwata. Ungozoma ta ce ko yau ko gobe. Inna Saude ta tara itacen wankan jego, ta gyara ɗakin, ta ce daga ranar da na sauka ba ni ba ƙofar gida sai na yi arba'in, kamar kowace mace a gidan nan. Ba ta yi laifi ba, kuma ba ni da dalilin da zan ba ta. Na bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya a raina ina neman wanda zan zaunar a kujerar. Duk wanda na gaya wa, gari ya ji. In gari ya ji, Alhaji ya ji.

Na roƙe shi ya ce ba shi da lafiya har in fito. Ya ce yanzu aka gama kaka, lokacin da mota ke cika, kuma ga ragon suna. Ya ce in kwantar da hankalina, ya san hanyar nan kamar tsakar gidansa.

Ba na neman komai a wurinki yanzu sai addu'a. In mace ce zan sa mata sunanki, ko kin so ko kin ƙi. Ki gai da maigidan da yara, Allah Ya bar zumunci.

Abu ɗaya kawai. Kin ce za ki zo suna. In kin je tashar Madawa kika tarar motar Alhaji Mutari ce ke lodi, kada ki shiga, kada ki sa yaranki. Ki jira ta baya.

Mariyama